Ijma'i da Saɓani a Ilimin Tauhidin Katolika na Zamani: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin nan daga bakin mutane iri-iri na tattaro su: samari masu shirin shiga seminari (makarantar horar da limaman coci), malaman katikisma na ƙauye, da abokan zama Musulmi waɗanda suka saba jin cewa Ikkilisiyar Katolika bakinta ɗaya, sai kuma suka ji manyan malamanta suna ja da juna. Na amsa gwargwadon fahimtata, kuma inda nake da ra'ayi ban ɓoye shi ba.

Mene ne "hanyar nazari" a ilimin tauhidi?

Kiristocin ƙasar Hausa suna kiran duk ilimin da ya shafi Allah da abin da ya bayyana wa 'yan Adam "tauhidi", kalmar da muka tarar a bakin maƙwabtanmu Musulmi, ko da yake a wurinsu ma'anarta ta fi tsayawa kan kaɗaita Allah. Anselm na Kantabari, a ƙarni na 11, ya kira wannan ilimi bangaskiya mai neman fahimta. Hanyar nazari kuwa ita ce tsarin da mai neman yake bi: ta ina zai fara, wace hujja ce gaba da wace, me zai yi idan hujjoji biyu suka yi karo, kuma a wurin wa magana take ƙarewa.

Ga misali na kusa. Dattijo Bamaguje mai mata biyu ya zo neman baftisma. Fada na farko zai jawo littafin dokokin Ikkilisiya, ya buɗe doka ta 1148, wadda ta ce ya riƙe ɗaya daga cikin matan, a kuma tabbatar an kula da buƙatun wadda aka rabu da ita. Fada na biyu ya san dokar sarai, amma sai ya fara zuwa gidan, ya zauna a zaure, ya ji ta bakin matan, ya ƙirga 'ya'yan, sannan ya koma ga Littafi Mai Tsarki da tambayar da ya ɗebo daga can. Aƙidarsu game da aure ɗaya ce. Mafari ne ya bambanta, kuma mafarin yakan taɓa irin amsar da za a kai gidan.

Daga ina masanin Katolika yake ɗebo hujjarsa?

Daga Littafi Mai Tsarki, da kuma Gado, wato abin da manzanni suka miƙa, ya yi ta bin hannun ikkilisiyoyi cikin sujada da wa'azi da rubuce-rubucen magabata. Da gangan na ce gado ban ce al'ada ba, domin al'ada a kunnen Bahaushe tana kai shi ga kamu da lefe ne. Sai kuma ikon koyarwa da bishop-bishop suke da shi tare da Fafaroma, wanda ake kira magisterium da Latin. Takardar Dei Verbum kan wahayi, wadda babban taron bishop-bishop na duniya, Majalisar Vatikan ta Biyu, ya fitar a 1965, ta faɗa ƙarara cewa wannan iko bai fi Maganar Allah ba, yi mata hidima ne aikinsa.

Wanda ya fara jera maɓuɓɓugan hujja daki-daki shi ne Melchior Cano, ɗan ƙungiyar Dominikan daga Sifen, a littafinsa da ya fito a 1563. Ya ƙirga goma: bakwai na cikin gida, tun daga Littafi Mai Tsarki har zuwa malaman makarantu, uku kuma na aro, wato hankali, da masana falsafa, da tarihi. Tarihi shi ne na goma, a can ƙarshen layi. Bayan shekaru ɗari uku shi ne ya zo ya girgiza sauran.

Ijma'in da ake magana a nan, daidai yake da na Musulunci?

Akwai kama, shi ya sa na ari kalmar. A 434 wani sufi mai suna Vinsent na Lerins ya ba da ma'auni: a riƙe abin da aka gaskata a ko'ina, a kowane lokaci, ta bakin kowa. Duk wanda ya karanci usulul fiƙhi zai ji wannan ba baƙo ba ne.

Amma akwai bambanci biyu. Na farko, a fiƙhu, ijma'i haɗuwar malamai masu ijtihadi ne kan hukunci. A Katolika ana maganar haɗuwar baki iri uku: ta magabatan ƙarnonin farko, ta masana tauhidi, da ta dukan masu bi, daga bishop har tsohuwar da ke sharar coci. Na biyu, Katolika tana da wurin da ake zama a bayyana cewa baki ya zo ɗaya: majalisar bishop-bishop tare da Fafaroma. Tushen wannan yana cikin Ayyukan Manzanni sura 15, inda aka yi doguwar muhawara a Urushalima kan kaciyar waɗanda ba Yahudawa ba, aka tashi da wasiƙa mai cewa Ruhu Mai Tsarki ya ga ya kyautu, su ma sun ga haka.

Ashe an taɓa yin lokacin da duk malaman Katolika suke kan hanya ɗaya?

An yi abin da ya yi kama da haka. A 1879 Fafaroma Leo na 13 ya fitar da wasiƙar Aeterni Patris, yana kiran makarantun Katolika su koma ga koyarwar Toma Akwinas, malamin ƙarni na 13. Daga nan har wajen 1960, kusan kowace seminari a duniya da littattafan karatu masu tsari iri ɗaya take aiki, cikin Latin.

Na taɓa riƙe irinsu a ɗakin ajiya na wani tsohon gidan mishan: juzu'i uku, gara ta cinye gindin ɗaya, ƙurar hunturu ta shige tsakanin shafuffuka. Kowane babi zubinsa ɗaya. A sama ga hukuncin da baƙaƙe masu kauri. Ƙasa da shi ga darajarsa, ko de fide, wato aƙidar da ba a musu a kanta, ko sententia communis, wato ra'ayin da akasarin malamai suka tafi a kai. Sai jerin sunayen waɗanda suka saɓa, kowa an ba shi layi ɗaya ko biyu. Sai ayoyi uku ko huɗu, sai maganganun magabata, sai hujjar hankali, shi ke nan. A gefen wani shafi wani fada ya ja layi da fensir, ya rubuta lamba daga Denzinger, kundin nan na hukunce-hukuncen Ikkilisiya da aka fara bugawa a 1854.

Ba zan raina wannan tsari ba. Ya horar da limamai masu tsayayyen tunani, kuma ɗalibin Dublin da na Manila suna iya zama su fahimci juna ba tafinta. Aibinsa shi ne an riga an yanke hukunci kafin a kira shaidu, ayar Littafi Mai Tsarki tana shigowa ne don ta sa hannu kawai. Toma kansa ba haka yake yi ba. Kowace mas'ala sai ya fara jero hujjojin masu ja da shi, da dukan ƙarfinsu, kafin ya faɗi nasa.

To me ya wargaza wannan haɗin kai?

Tarihin nan na goma. Da aka fara karanta Littafi Mai Tsarki da rubuce-rubucen magabata ana tambayar wa ya rubuta, yaushe, da wane harshe, don su wa, sai aka ga kowace magana akwai zamanin da ya haife ta. Marie-Joseph Lagrange ya buɗe makarantar nazarin Littafi Mai Tsarki a Urushalima a 1890 da wannan hanya, yana tsaye cikin bangaskiya. Alfred Loisy kuwa ya zarce har ya taɓa tushe. A 1907 Fafaroma Piyus na 10 ya yi tir da abin da ya kira zamananci a wasiƙar Pascendi, a 1908 aka fitar da Loisy daga Ikkilisiya, a 1910 kuma aka ɗora wa limamai da malaman seminari rantsuwar ƙin zamananci, wadda ba a janye ba sai 1967. Haɗarin na gaske ne, amma maganin ya haɗa da mai laifi da marar laifi, tsoro ya shiga makarantu.

Daga shekarun 1930 wasu malamai a Faransa, Henri de Lubac da Jean Daniélou na ƙungiyar Jesuit, da Marie-Dominique Chenu da Yves Congar na Dominikan, suka ce a koma idon ruwa: a karanta Littafi Mai Tsarki da magabata irin su Irenayus da Orijen da Agustin kai tsaye, a daina tsayawa kan guntayen da aka yanko. A 1942 aka sa ɗan littafin Chenu cikin jerin littattafan da aka haramta. A 1946 Réginald Garrigou-Lagrange ya rubuta cewa wannan "sabon tauhidi" zamananci zai koma. A 1950, shekarar da wasiƙar Humani Generis ta fito, aka sauke de Lubac daga koyarwa, a 1954 aka yi wa Congar haka.

Ba ko ɗaya daga cikinsu da ya fita daga Ikkilisiya. Ba a yi shekaru goma sha biyar ba aka kira de Lubac da Congar su zama masu ba da shawara a Majalisar Vatikan ta Biyu. An naɗa de Lubac kardinal a 1983, Congar a 1994, watanni kaɗan kafin rasuwarsa. Duk lokacin da na koma kan labarinsu sai in ga cewa wani ɓangare na abin da ake kira ijma'i a wancan zamani shiru ne da aka tilasta, ta ciki na ciki.

Yaya Majalisar Vatikan ta Biyu ta kai ga matsaya?

Fafaroma Yohanna na 23 ya buɗe ta ranar 11 ga Oktoba 1962, Bulus na 6 ya rufe ta ranar 8 ga Disamba 1965. Bishop sama da 2,000 ne suka zauna, suka fitar da takardu 16. Cikin waɗanda suka halarci zangon ƙarshe akwai Francis Arinze na Najeriya, yana da shekaru 32, sabon naɗi.

Inda gizo ke saƙa shi ne Nuwamba 1962. An kawo daftari kan wahayi wanda aka rubuta da salon tsofaffin littattafan seminari. Aka jefa ƙuri'a ko a dakatar da shi: 1,368 suka ce a dakatar, 822 suka ce a ci gaba. Ƙa'ida tana neman kashi biyu cikin uku, ba a kai ba. Da an bi ƙa'ida zalla, da majalisa ta ci gaba da aiki kan takardar da yawancinta ba sa so. Washegari Fafaroma ya janye daftarin, ya kafa kwamiti mai shugabanni biyu, Kardinal Ottaviani da Kardinal Bea, jagororin ɓangarorin biyu. Shekaru uku ana tufka da warwara. Ranar 18 ga Nuwamba 1965 aka amince da Dei Verbum da ƙuri'u 2,344, shida kacal suka ƙi.

Bulus na 6 ba ya son a tashi da mai nasara da wanda aka kayar. Yakan sa a gyara kalma, a ƙara bayani, don marasa rinjaye su iya sa hannu da zuciya ɗaya, ko da hakan zai ɓata wa masu rinjaye rai, kuma ya ɓata musu a Nuwamba 1964 da ya sa aka maƙala bayani na musamman kan dangantakar bishop-bishop da Fafaroma. Sakamakon ya nuna a alƙaluma. Takarda kan Ikkilisiya ta wuce da 2,151 da 5. Nostra Aetate, wadda ta ce Ikkilisiya tana duban Musulmi da girmamawa a matsayin masu bauta wa Allah ɗaya, ta wuce da 2,221 da 88. Ta 'yancin addini ta wuce da 2,308 da 70.

Wannan sulhu bai zo a kyauta ba. A wurare da dama an ajiye jimlar wannan ɓangare kusa da ta wancan ba tare da an ɗinke su ba, daga baya kowa ya riƙa ɗaukar tasa yana kafa hujja. Kuma ba kowa aka riƙe ba. Marcel Lefebvre, wanda ya taɓa zama babban bishop na Dakar, ya ci gaba da ƙin koyarwar 'yancin addini har ya naɗa bishop huɗu ba da izinin Roma ba a 1988.

In majalisa ta haɗa kai haka, me ya sa taƙaddama ta ƙaru bayanta?

Zo mu zauna, zo mu saɓa. Malaman da suka haɗu don ture tsohon tsari sun yarda da abin da ba sa so, ba su riga sun yarda da abin da zai maye gurbinsa ba. A 1965 Karl Rahner da Congar da Edward Schillebeeckx da Hans Küng da wasu suka kafa mujallar Concilium, suna ganin majalisa mafari ce, a ci gaba da tafiya. A 1972 Hans Urs von Balthasar da de Lubac da Joseph Ratzinger suka kafa Communio, suna tsoron kada a bi zamani har a manta da idon ruwan da aka ce za a koma.

Tsakanin nan aka yi 1968. Kwamitin da aka kafa kan hana ɗaukar ciki, yawancin mambobinsa sun ba da shawarar a sassauta. Bulus na 6 ya fitar da Humanae Vitae a watan Yuli, ya tsaya kan tsohuwar koyarwa. Malamai da yawa a Turai da Amurka suka fito fili suka saɓa. Daga ranar tambayar ta koma: wa ke da magana idan masana suka yi gabas, Fafaroma ya yi yamma?

A Disamba 2005 Ratzinger, yana Fafaroma Benedict na 16, ya ce akwai masu karanta majalisar a matsayin yankewa daga abin da ya gabata, akwai kuma masu karanta ta a matsayin gyara cikin Ikkilisiya ɗaya mai ci gaba, shi kuma na biyun ya zaɓa. Bahaushe ya riga ya faɗa: gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Abin da ya rage ana ja a kai shi ne ina gyara ya tsaya, ina sauke mu raba ya fara.

Mene ne ainihin bambancin manyan hanyoyin?

Rahner yakan fara da mutum. A ganinsa duk ɗan Adam, cikin tambayarsa da ƙaunarsa da tsoron mutuwarsa, yana miƙe ne zuwa ga Allah ko bai sani ba, kuma aikin mai tauhidi ya nuna yadda bishara ta amsa wannan ƙishirwa. Balthasar ya ce a'a, a fara da kallon Yesu Almasihu, musamman a kan gicciye, a bar ɗaukakarsa ta kama mutum, kada a auna Allah da mudun buƙatarmu.

Gustavo Gutiérrez na Peru ya zo ta wata ƙofa. Bayan taron bishop-bishop na Latin Amurka a Medellín a 1968, ya fitar da littafinsa kan tauhidin 'yantarwa a 1971. Ya ce tauhidi mataki na biyu ne, na farko shi ne addu'a da zama tare da matalauta. Roma ta fitar da takardu biyu kan wannan hanya, ta 1984 mai kashedi game da aro daga Markisanci, da ta 1986 mai sassauci. Gutiérrez ya amsa tambayoyin da aka yi masa shekara da shekaru, ba a taɓa yanke masa hukunci ba, har ya rubuta littafi tare da Gerhard Müller, wanda daga baya ya shugabanci ofishin kula da aƙida na Vatikan.

Akwai wanda ya gwada kawo sabon ijma'i kan hanyar nazari?

Akwai. A ƙarshen shekarun 1970 Küng ya dubi aikinsa da na Schillebeeckx, ya ce ga inda za a iya haɗuwa: tauhidi yana tsaye ne tsakanin ginshiƙai biyu, wahayin Allah cikin tarihin Isra'ila da na Yesu, da kuma rayuwar mutanen yau. An tattara muhawarar a wani littafi da Leonard Swidler ya shirya a 1980. Masu suka suka tambaya: ina Gadon shekaru dubu biyu da ikon koyarwa suka shiga, kuma idan ginshiƙan suka yi karo wanne zai gyara wanne? Lokacin ma bai taimaka ba, domin a Disamba 1979 Roma ta janye wa Küng izinin koyarwa da sunan Katolika saboda matsayinsa kan rashin kuskuren Fafaroma.

Shawarar da ta fi shiga raina ita ce ta Bernard Lonergan, ɗan Jesuit daga Kanada, a littafinsa na 1972. Ya raba aikin tauhidi gida takwas: bincike, fassara, tarihi, auna saɓani, kafa tushe, aƙidu, tsara fahimta, da isar da saƙo. Ba mutum ɗaya da zai iya duka, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da ya fi muhimmanci, ya ba saɓani ɗaki nasa a cikin gidan. Ya ce wani saɓanin ƙarancin bayani ne, ƙarin bincike zai kashe shi. Wani bambancin matsayi ne, kowa yana kallon dutse ɗaya daga gefensa. Wani kuwa daga zuciya yake, ba ya warkewa sai da tuba. Rabin rigingimun da na gani tsakanin malamai, rashin tantance wane iri ake ciki ne ya tsawaita su.

Ita ma Roma ta gwada. A 1969 Bulus na 6 ya kafa Hukumar Tauhidi ta Duniya, mambobinta ba sa wuce 30, daga ƙasashe da makarantu daban-daban, wa'adin shekaru biyar. John Onaiyekan, wanda daga baya ya zama babban bishop na Abuja, ya zauna a cikinta daga 1980 zuwa 1985.

To a yau akwai ijma'i ko babu?

Kan hanya ɗaya, babu, kuma ban ga alamar za a sake samu ba. Kan iyakokin gona, akwai. Takardar da hukumar nan ta fitar a 2012 ta karɓi yawan hanyoyi, ta kuma jera abin da ke sa tauhidi ya zama na Katolika: Maganar Allah a gaba, riƙo da Gadon manzanni, sauraron masu bi, biyayya mai hankali ga ikon koyarwa, aiki tare da sauran masana, da tattaunawa da duniya. A ganina wannan ya fi tsohon tsari gaskiya, ko da yake ya fi shi wahala, domin yana buƙatar a saurari wanda ba a so a ji.

Masani zai iya saɓa wa Fafaroma ya ci gaba da zama Katolika?

Ya danganta da darajar koyarwar. Akwai aƙidun da aka bayyana daga wahayi suke, kamar Allah-Uku-Cikin-Ɗaya da tashin Almasihu, waɗannan ba a ja. Akwai waɗanda aka tabbatar don kare na farkon. Akwai kuma koyarwar yau da kullum, wadda ake neman a karɓa da ladabin zuciya da hankali ko da ba a ce ba ta gyaruwa ba. Takardar Donum Veritatis ta 1990 ta yarda masani na iya samun matsala ta gaskiya da wannan ta ukun, ta ce ya kai hujjarsa ga shugabanni, kada ya kafa sansani a jaridu.

Masana da dama sun koka cewa a wasu binciken da aka yi musu ba su san wa ya kai ƙararsu ba, ba su kuma sami cikakkiyar damar kare kai ba. Ina ganin kukan yana da tushe. John Courtney Murray na Amurka an hana shi rubutu kan addini da gwamnati a tsakiyar shekarun 1950, shi ne kuma ya zama cikin manyan masu tsara takardar 'yancin addini ta 1965.

Talakawan coci suna da ta cewa?

Suna da ita. John Henry Newman ya rubuta a 1859 cewa a ƙarni na 4, bayan Majalisar Nikiya ta 325, bishop-bishop da yawa sun yi ta tangaɗi kan allahntakar Almasihu, jama'a ne suka riƙe. Ya sha zargi a kan wannan rubutu, a 2019 kuma aka sa shi cikin tsarkaka. Majalisar Vatikan ta Biyu ta koyar da cewa jama'ar Allah gaba ɗayansu ba sa ɓata a bangaskiya.

Wannan bai zama ƙidayar hannuwa ba. Takardar hukumar tauhidi ta 2014 ta ce fahimtar masu bi dabam take da ra'ayin jama'a, ta kuma tuna cewa sau da yawa 'yan kaɗan ne suka riƙe gaskiya. Ana duba ko mai maganar yana cikin rayuwar Ikkilisiya, yana sauraron Maganar Allah, yana addu'a.

Na ga yadda abin yake a ƙaramin mataki, lokacin da aka aiko wa coci-coci tambayoyin taron sinod, wato taron shawara na Ikkilisiya da Fafaroma ya kira. An jera benci a inuwar mangwaro bayan Mas. Maza masu ilimin boko suka yi ta magana, ana rubutawa. Can wata uwa daga zumuntar mata, wadda ba ta karatu, ta miƙe ta gyara ɗankwalinta ta ce: "Baba Fada, ku gafarce ni. Kishiyata shekara ashirin tana zuwa coci, ita ke dafa wa masu makoki abinci, amma lokacin karɓar Jibin Ubangiji sai ta zauna tana kallonmu. Ku tambayar mana na sama, ita ta wace ƙofa za ta shiga?" Mai rubutu ya ajiye biro na ɗan lokaci. Ba ta ce a canja aƙida ba, ta dai kawo tambayar da babu ita a takardar.

An taɓa yin ijma'i da waɗanda ba Katolika ba?

An yi. Ranar 31 ga Oktoba 1999, a Augsburg ta Jamus, Katolika da Tarayyar Lutheran ta Duniya suka sa hannu kan sanarwa game da yadda Allah yake baratar da mai zunubi, maganar da ta raba su tun ƙarni na 16. Sun faɗi tushen da suka yarda a kai tare, sannan kowane ɓangare ya bayyana yadda yake faɗar sa da harshensa, aka amince cewa bambancin da ya rage bai kai ga tsinuwa ba. Methodist suka shiga a 2006. Wannan salo, haɗuwa a gindi da bambanci a rassa, ya dace a yi amfani da shi a cikin gida ma.

Ina Afirka take a wannan muhawara?

Tun kafin majalisa take ciki. A 1960, a jami'ar Lovanium da ke Kinshasa ta yanzu, ɗalibi Tharcisse Tshibangu ya yi muhawara da shugaban sashensa Alfred Vanneste kan ko za a iya samun tauhidi mai launin Afirka. Vanneste yana ganin tauhidi ɗaya ne ga duniya duka. A 1969, a Kampala, Bulus na 6 ya gaya wa bishop-bishop cewa suna iya samun Kiristanci na Afirka, kuma ya wajaba su samu. A shekarar aka kafa SECAM, ƙungiyar bishop-bishop ta nahiyar. A 1988 Roma ta amince da tsarin Mas na Zayar (Kwango ta yanzu), a 1994 kuma taron bishop-bishop kan Afirka ya ɗauki hoton Ikkilisiya a matsayin iyalin Allah.

Jean-Marc Ela ya yi shekaru yana aiki a Tokombéré, cikin duwatsun arewacin Kamaru, ya kira abin da yake yi tauhidin gindin bishiya. Bénézet Bujo na Kwango ya gina nazarinsa kan zaman shawara na gargajiya, inda ake tauna magana har kowa ya ji an ji shi.

Muryar ta ƙara fitowa bayan Roma ta fitar da takardar Fiducia Supplicans a Disamba 2023, kan sa albarka ga waɗanda zamansu bai dace da koyarwar aure ba, har da masu jinsi ɗaya. A Janairu 2024 Kardinal Fridolin Ambongo, shugaban SECAM, bayan ya gana da Fafaroma Francis, ya sanar cewa ba za a yi wa masu jinsi ɗaya irin wannan albarka a ikkilisiyoyin Afirka ba. Bishop-bishop na Arewacin Afirka kuwa suka ɗauki matsayi mai sassauci, abin da ya nuna ita ma nahiyar ba bakinta ɗaya a komai ba.

Taron sinod na 2021 zuwa 2024 ya canja yadda ake neman haɗin baki?

Ya canja waɗanda ke zaune a teburi. An fara da sauraro a coci-coci a 2021, aka yi zama biyu a Roma a Oktoban 2023 da na 2024. Karo na farko mata suka jefa ƙuri'a, su 54, tare da wasu masu bi waɗanda ba bishop ba. An zauna ne a ƙananan tebura masu da'ira, kowa ya yi magana a jere ba mai katse shi, a yi shiru na addu'a, sannan kowa ya faɗi abin da ya taɓa shi cikin maganar wani. Kowane sakin layi na takardar ƙarshe sai da ya sami kashi biyu cikin uku. Wanda ya fi shan adawa shi ne na matsayin mata, 258 suka amince, 97 suka ƙi. Francis ya karɓi takardar yadda take, bai rubuta tasa a kanta ba.

Wasu masana sun koka cewa an ba sauraro fili fiye da muhawara mai zurfi, an kuma kwashe batutuwa masu zafi an miƙa wa kwamitocin nazari. Ɗaya daga cikin batutuwan da aka ware shi ne na masu mata fiye da ɗaya. Rahoton zaman 2023 ya miƙa shi ga SECAM, ya ce bishop-bishop na Afirka su nazarce shi ta fuskar tauhidi da ta kiwon jama'a. Tambayar dattijon nan Bamaguje ke nan, da ta uwar da ta miƙe a inuwar mangwaro, kuma waɗanda aka ɗora wa nauyin nazarinta sun san irin zauren da ake zama a ji ta bakin matan.